Dabbobin da Ba a Rubuta a Allo Ba

A ɗakin shan shayi na jirgin akwai wani farin allo. Kullum da yamma, in har ana iya cewa yamma a ƙasar da rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, ɗaya daga cikin jagororinmu yakan zo da alƙalami ya rubuta abin da aka gani a ranar: barewar ƙanƙara kaza, dila kaza, tsuntsu iri kaza. Kwana tara muka yi muna kewaya tsibiran Svalbard, can tsakanin ƙasar Norwe da ƙurewar arewacin duniya, allon ya cika har aka koma rubutu a gefe-gefe. Sai dai ni a ganina an tsallake halittun da suka fi ban mamaki, wato mu da muka biya kuɗin tafiyar.

Ƙanƙantar jirgin ce ta tona mana asiri. Babban jirgin shaƙatawa mai ɗaukar dubban mutane gari ne guda, kana iya ɓace wa wanda ba ka so har a sauka. Namu kuwa ba mu kai ɗari ba, kuma tun farkon 2025 doka ta hana jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 200 shiga yankunan da aka keɓe a tsibiran. Ɗakin cin abinci ɗaya, ƙofar sauka ɗaya, sai kwale-kwalen roba da ake kira Zodiac, inda mutum goma ke zama gwiwa na gogar gwiwa. Kafin kwana uku ka san halin kowa fiye da yadda ka san na maƙwabcinka.

Wanda ya fara bayyana shi ne Baba Beyar. Ni na raɗa masa sunan a zuci. Dattijo ne daga Amurka, ya yi ritaya, kuma abu ɗaya tak ya kawo shi: farin beyar. Tun muna tashar Longyearbyen, igiya ba a kwance ba, ya tare shugabar jagorori yana tambaya ko yau za a gan shi. Aka nuna masa barewar Svalbard, 'yar gajera mai ƙiba kamar tunkiyar layya, ya duba ya ce ba ita ya zo gani ba. Aka nuna masa kogin ƙanƙara mai tsayin bene, shuɗi shar, ya ɗora madubin hangen nesa yana laluben gefensa ko beyar na kwance. Abin da bai gane ba shi ne burinsa da na jagorori sun yi hannun riga. Kafin a sauke mu a ko'ina sai sun fara zuwa da bindigogi sun leƙa kowane kwari da bayan kowane dutse, in suka hango beyar to an fasa saukar ke nan. Tun 1973 aka haramta farautarsa a tsibiran, kuma yanzu ko kusantarsa ƙasa da mita 300 laifi ne. Shi yana roƙon a haɗu, su suna roƙon kada a haɗu.

A dare na biyar, wajen ƙarfe uku, rana a sama kamar hantsi, lasifika ta tashe mu. Baba Beyar ya fito da rigar barci da takalmi ƙafa ɗaya. Can nesa a kan ƙanƙara akwai wani ɗigo mai launin man shanu, girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa a faranti ba. Aka ce shi ne. Ɗigon ya ɗaga kai, ya mayar, ya ci gaba da barcinsa. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Shi ke nan?" Babu wanda ya iya ba shi amsa.

Sai mai kyamara. Kowane jirgi da nasa, namu Bajamushe ne, da ruwan tabarau mai tsawon taɓarya. Wannan bawan Allah ban taɓa ganin ya kalli wani abu da idonsa tsirara ba. In ka zauna kusa da shi a kwale-kwale ka shirya sunkuyawa, don duk inda tsuntsu ya gifta taɓaryar za ta bi shi, ko da ta kan hancinka ne. Ranar da muka sauka a Poolepynten don ganin walrus na fi tausaya masa. Walrus, ga wanda bai sani ba, ka ɗauki dorina ka cire mata ƙafafu, ka ba ta gashin baki da haure biyu. Namiji kan haura tan ɗaya. An kusa ƙarar da su a nan saboda hauren da kitsen, sai da aka hana kashe su a 1952 suka fara dawowa. Jagora ya jera mu sahu guda, ya ce a taka a hankali, ba magana. Warinsu ne ya fara yi mana maraba, wani irin haɗin kasuwar kifi da turken awaki. Suna kwance a kan juna, wannan ya ɗora kai a cikin wancan, wani yana sosa ƙeya da fiffike, wani ya saki iska ba tare da ya nemi afuwar kowa ba. Sak majalisar dattawan unguwa bayan an ci tuwon rana. Kusan awa guda ba abin da ya motsa, Bajamushe yana ta ɗauka, ƙyas-ƙyas-ƙyas. Da katin kyamararsa ya cika ya sunkuya zai canza, a daidai lokacin manya biyu suka miƙe suka kafta wa juna haure, suka koma suka kwanta. Da daddare ya zo teburina yana tambaya a hankali, wai don Allah yaya abin ya kasance.

Masu tsuntsaye su kuma dangi ne daban. Mata da miji ne daga Ingila, kowa da ɗan littafinsa, kuma suna gasa da juna a ɓoye. Na ga ranar da ƙaton kifin wel ya fesa numfashi a dama da jirgi, kowa ya ruga can, su biyu suka tsaya a hagu suna gardama a kan wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa. A Alkefjellet, wani tsauni da ya miƙe tsaye daga cikin teku, dubun-dubatar tsuntsaye ne ke zaune a kan duwatsu, sama ta yi baƙi da su kamar an tayar da jan baki daga gonar gero. Jagora ya ba mu shawara ɗaya: duk mai ɗaga kai ya rufe baki. Matar ba ta ji ba, aka yi mata feshi a gilashi da kafaɗa. Maimakon ta ɓata rai sai ta tambayi mijin ko ya lura da irin tsuntsun da ya yi.

Malam Na-sani kuwa ko a motar haya ana samunsa, sai dai na jirgin ruwa ya fi haɗari, don babu tashar da zai sauka. Namu ya karanta littattafai uku kafin ya taso, kuma ya yi rantsuwa ba zai bar ko shafi ɗaya ya tafi a banza ba. In masaniyar duwatsu tana lacca, zai ɗaga hannu ya yi tambayar da ta fi laccar tsawo, ƙarshenta kuma babu alamar tambaya. A Ny-Ålesund, ƙauyen masu bincike, aka kai mu gindin hasumiyar ƙarfen da aka ɗaure jirgin balan-balan Norge a 1926, kafin Roald Amundsen da Umberto Nobile su tashi da shi su ƙetare ƙurewar arewa su sauka a Alaska. Jagora ya buɗe baki, Na-sani ya karɓe. Yana tafe da baya yana yi mana bayani har ya kauce hanya ya shiga inda tsuntsayen tan suka yi sheƙa a ƙasa. Wannan ɗan tsuntsu, da bai fi tafin hannu biyu ba, yakan yi tafiyar wajen kilomita 70,000 a shekara tsakanin arewacin duniya da kudancinta, kuma ba ya wasa da ƙwansa. Wuri mafi tsayi a jikin mutum yake nufa, shi ya sa ake cewa ka ɗaga sanda ko hannu sama. Na-sani ya san wannan ma, ya faɗa mana tun a jirgi. Sai dai hannayensa duka biyu suna aikin bayani, ga sanƙo a fili. Sara uku aka yi masa. Ranar mun ci abincin dare cikin natsuwa.

A Ny-Ålesund ɗin ne kuma wata yarinya ta shiga makoki, saboda an ce kowa ya kashe Wi-Fi da Bluetooth don kada su dami na'urorin bincike. Ta riƙe wayar kamar mai jinya.

Akwai Hajiya Na-je-ko'ina, tsohuwa mai jaka cike da tambarin jirage. Duk abin da ka yaba sai ta ce na Antaktika ya fi. Ƙanƙara ta fi a can, wel ya fi a can, har miyar jirgin can ta fi. Kishiyarta a ilimi wani mutum ne da ya jira har kwana na huɗu sannan ya tambaya, cikin ladabi, yaushe za a kai mu wurin tsuntsun fengwin. Aka ce masa yana ɗaya ƙarshen duniya. Akwai mai makara, wanda kullum kwale-kwalen ƙarshe ke jira, ya fito da rigar ceto a juye, ya koma ɗauko safar hannu. Akwai mai tashin zuciya da muka gani ranar shiga, muka sake gani ranar fita ya rame, matarsa tana ba shi labarin tafiyar da ya biya.

Mai tsintuwa ya fi ba jagorori wahala. A Smeerenburg, inda mutanen Holan suka kafa sansanin narka kitsen wel a ƙarni na 17, har yanzu ana ganin zoben baƙin kitse da ya daskare a inda manyan tukwanensu suka zauna. Dokar Svalbard ta ce duk abin da ɗan Adam ya bari kafin 1946 kayan tarihi ne, ko da ƙusa ce mai tsatsa, ba a ɗauka, ba a gusarwa. Mutumin namu yana tafe aljihu na ƙara nauyi. Jagora ta matso da murmushi ta ce ya nuna mata abin da ya samo. Ya fito da guntun bulo, da ƙashi, da dutse biyu. Ta raka shi ya mayar da kowanne mazauninsa, kamar yaron da uwa ta kama da kuɗin cefane.

Ita kanta shugabar jagororin ta cancanci shiga allo. Kowane dare za ta tsaya gaban taswira ta zayyana shirin gobe dalla-dalla, sannan ta rufe da cewa, in ƙanƙara da iska sun bari. Kowace safiya kuma shirin ya canza. Da farko Turawan suna gunaguni, su da suka saba da jirgin ƙasa mai zuwa kan minti. Ni kuwa ban ji komai ba. Na gane in sha Allahu take nufi, kalmar ce kawai ba ta da ita. Ita ce kuma wata rana ta kashe injin kwale-kwale a gaban kogin ƙanƙara ta ce kowa ya yi shiru. Sai muka ji ruwan yana ƙara, tas-tas-tas, kamar ana suyar gugguru: iskar da ta daɗe a kulle cikin ƙanƙarar ce ke fita yayin da take narkewa. Ko Na-sani bai ce uffan ba, kusan minti biyu.

Kada in yi son kai. Da wani ne ke rubutun nan, da ya sa ni a sahun farko: baƙon da ya sa riga biyar a ranar da 'yan Norwe ke yawo da 'yar shara suna cewa bazara ta yi kyau, mai zaro kwalbar yaji daga aljihu ya barbaɗa a kan kifin da mai dafa abinci ya sha wahalar ƙawatawa. Kowa sai ya tambaye ni ko ina jin sanyi, kamar haƙoran da ke kaɗawa ba su isa amsa ba. Da aka zo al'adar nan ta faɗawa cikin ruwan ƙanƙara da igiya a ƙugu, tsofaffi masu jikoki suna layi, na ce ni riƙon tawul na iya. Babbar matsalata kuwa salla ce. Magariba ba ta zuwa, asuba ba ta zuwa. Malamai sun ce a irin wannan wuri a bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko a bi na Makka, sai na riƙe na Makka da agogo, ina yin isha'i labule a rufe rana na leƙowa ta gefensa. Alƙibla kuma in na daidaita ta kafin kabbara, kafin sallama jirgi ya juya. Da na kira gida daga Longyearbyen, uwargida ta saurari labarin duka, ta ce, "To Malam, yanzu duk kuɗin nan ƙanƙara ka je kallo? Ai da ka faɗa, da na buɗe maka firiza."

Ranar komawa motar da za ta kai mu filin jirgi ta bi da mu ta gefen dutsen da aka haƙa rumbun irin shuka na duniya, wanda aka buɗe a 2008. Ba a shiga, ƙofar kawai ake gani ta fito daga cikin dutse. Na tsaya na ɗan jima, don na san a ciki akwai irin wake da cibiyar IITA ta Ibadan ta aiko, yana kwance cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Na ce a raina, sannu ɗan'uwa, ashe ba ni kaɗai ba ne.

A filin jirgi Baba Beyar ya zauna kusa da ni yana ta latsa waya, fuska a sake, karon farko tun da muka haɗu. Ya miƙo mini in gani. Shi ne tsaye, ga farin beyar ƙato a bayansa, kusa har ana ƙirga farcensa. Na duba da kyau, sai na hango bel ɗin ɗaukar kaya a ƙasan hoton. Beyar ɗin nan ne da aka cusa wa auduga aka girke a wurin karɓar jakunkuna, tun ranar da muka sauka ya ɗauka. Ya ce wannan ya tura wa jikoki, kuma sun ce ya yi jarumta.