Masu Cin Kasuwa Hannu Rabbana

Matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya nufi Ɗan Isa ko Jibiya, in ya ratse Madarumfa ranar kasuwa, zai ga kamar masu yawo hannu rabbana sun fi masu saye yawa. Garin ya yi suna da tafkinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, har a 2006 Nijar ta sa su cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Amma mai son karantar halin ɗan Adam, rumfunan kasuwa ya kamata ya nufa. Waɗannan da ake yi wa kallon 'yan zaman banza su ne suke riƙe da kasuwar ƙauye, kuma ranar da aka kore su, ciniki ma zai bi bayansu.

A fara da mai tayi ba saye. Shi ne zai tsuguna gaban akuya ya buɗe bakinta ya ƙirga haƙora, ya matsa bayanta, ya ce "Alhaji, jika nawa?" Ya taya, a ce albarka, ya ƙara dala ashirin, a ce albarka, ranar da aka yi kuskuren cewa an sallama sai ya tuna bai yi azahar ba. Ƙanensa shi ne sarkin ɗanɗano, wanda ya san ƙuli-ƙulin kowace inna da kwaɗon zogalen 'yan Jiratawa, yana tauna yana girgiza kai yana cewa gishiri ya yi kaɗan, kuma kafin la'asar ya ƙoshi bai ɓalle ko dala ba. A kara kuwa akwai dillali, mutumin da ba shi da ko kaza amma duk garken nasa ne. Zai rantse wa mai saye sa ɗin ya fi kuɗinsa, ya raɗa wa mai dabba cewa kasuwa ta faɗi, ya karɓi la'ada ya yi wa kowa addu'a. Can gefe mai magani ya ɗaura lasifika a kan amalanke, kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da ciwon baya da baƙin jini. Ga ɗan canji, damin naira a hagu, sefa a dama, ya fi rediyo saurin jin labarin Abuja. Na ƙarshe shi ne ɗan birni mai ɗaga waya yana ɗaukar hoton tarwaɗa da ƙarfasa a kwandon masunta, ya sayi tiyar gero ninki biyu, ya koma Maraɗi yana alfaharin ya yi wa ƙauyawa wayo.

Za a ce waɗannan ɓata lokaci suke yi, wasunsu ma cuta. Akwai gaskiya a ciki, musamman kan mai magani, wanda ya dace hukumar lafiya ta riƙa leƙa kwalabensa. Sai dai a kasuwar da babu farashi rubutacce, ta yaya manomin da ya kawo wake daga Gabi ko Safo zai san darajar kayansa? Daga bakin mai tayi yake ji, domin tayi goma da aka ƙi su ne ke tsayar da kuɗin na sha ɗaya. Dillali kuma shi ne shaida in aka wayi gari an ce dabbar ta sata ce, don haka la'adarsa kuɗin amana ne. Ɗan canji ne ke haɗa mai naira da mai sefa a garin da ke kusa da iyaka, kuma duk wanda ya ga yadda kasuwannin yankin suka yi sanyi lokacin rufe iyaka a 2019 da 2023 ya san abin da rashin baƙi ke jawowa. Ko sarkin ɗanɗano yana da ranarsa, gama inda mutum ya tsaya yana tauna, nan masu wucewa ke tsayawa.

Saboda haka, mai karatu, in hanya ta bi da kai Madarumfa, ka sauka ka zaga, ka taya ko da ba ka da niyyar saye. Amma in an sallama maka, ka ji tsoron Allah ka biya.