Mutanen da Za Ka Gamu da Su Ranar Sayen Gida a Ƙaraye da Rogo

A Amurka mutum kan je masana'anta ya zaɓi gida, a ɗoro masa shi a tirela, a sauke a filinsa. Mu a Ƙaraye da Rogo ba mu kai nan ba, amma muna da namu: ginin sayarwa, wanda ake tayarwa bayan kaka, a shafe shi da fenti kafin bazara, a zauna jiran mai tsautsayi. Cinikin irin wannan gida ba ya taɓa zama na mutum biyu. Ga waɗanda za ka tarar.

Na farko dillali. Ba shi da ofis, sai babur da waya mai fasasshen gilashi. A bakinsa kowane gida "mai shi matsuwa ce ta sa zai sayar", kuma kullum akwai wani Alhaji daga Kano da zai kawo kuɗi gobe. Da aka yi wa Ƙaraye masarauta a 2019, ya ƙara kuɗi, wai gari ya zama birni. Da aka rushe ta a 2024, bai rage ko sisi ba, ya ce abin zai dawo. Da aka maido ta a shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta, sai ya sake ƙarawa, ladan duban da ya yi. La'ada kuwa hagu da dama yake karɓa, kowane ɓangare yana rantsuwa nasa ne.

Na biyu mai gina-ka-sayar. Wannan bawan Allah yana da wata baiwa: buhun simintin da masu tsoron Allah ke buga bulo talatin da shi, a hannunsa sai ya haifi sittin. Tushen ginin bai wuce taku ɗaya ba, amma ƙofar waje ta ƙarfe ce mai ado, har da zanen dawisu. Ya san ido ke saye, shi ya sa kuɗinsa ke ƙarewa a fenti da tayil ɗin falo. Tambaye shi inda shi yake kwana, za ka ji tsohon gidan ƙasa ne na kakansa, mai azara da soro, wanda ya ga damina hamsin bai tsage ba.

Na uku ɗan birni. Ya zo ɗaurin aure a watan Disamba, aka kai shi bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992, ya ga ruwa shimfiɗe, masunta na ta kai da komo a kwalekwale, iska na kaɗawa. Nan take ya ce, "Ai nan zan huta idan na ajiye aiki." Bai tambayi dalilin da ya sa 'yan gari suka bar wurin fili ba. Bai san inda ruwa ke tsayawa da rani ba nan yake tsayawa da damina ba, kuma sauron wurin ya riga shi mallakar fegin.

Na huɗu ɗan fansho. Shi ya fi kowa sanin gidan, domin ya auna shi da taku, ya leƙa rijiya, ya ƙwanƙwasa kowane bango da makullin babur. Ya taya, an ce albarka, ya ƙara, an sallama. Saura kuɗi, kuɗin kuwa suna cikin garatutin da "an ce wata mai zuwa". Kafin su fito buhun siminti ya ninka, gidan ya wuce hannu uku, shi kuma har yanzu "gidana" yake ce masa.

Na biyar maƙwabci masani. Ranar da ka zo dubawa yana kan tabarma a ƙofar gidansa, ka gaishe shi, ya ce, "Gida kam sai hamdala, Allah ya sanya alheri." Ranar da ka biya ka tare, sai ga shi da sallama: "Malam, ai da ka tambaye ni. Nan tsohon kududdufi ne, da shara aka cike shi, a idona." Sannan ya roƙi alfarmar ka bar indararonsa ya ci gaba da zuba a tsakar gidanka, tunda haka aka saba.

Na shida magajin da bai sa hannu ba. An yi ciniki gaban mai unguwa, shaidu sun dangwala, an raba goro, ka fara neman takardar mallaka daga ƙaramar hukuma kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada ga filin karkara. Sai ga wani ya sauka daga motar Legas da jaka a kafaɗa, ya ce filin gado ne, ba a raba ba, kuma shi ba a shawarce shi ba. Shekara ashirin bai leƙo ko ta'aziyya ba, amma labarin kuɗi ya same shi cikin kwana biyu. Daga nan hanyar kotun shari'a za ka sani fiye da hanyar sabon gidanka.

Duk cikinsu babu wanda za ka dogara da shaidarsa. Mai faɗin gaskiya ɗaya ce, damina, ita kuwa ba ta karɓar la'ada. In kana son gida, daure ka bari sai Agusta. Ka je ana tsaka da ruwa, ka duba silin, ka taɓa gindin bango, ka ga inda ruwan unguwa ke bi, ka kuma tambayi matan maƙwabta, don su ba su da rabo a cinikin. Sai dai ka shirya kiran dillali sau goma, domin daga Yuli zuwa Satumba wayarsa ba ta cika shiga ba, wai yana gona.