Masu Ƙara wa Bitil Ƙarfi

Injin Volkswagen Bitil ba shi da lagireto, fanka da baƙin mai ne ke sanyaya shi. Duk ƙarfin da aka ƙara masa, zafi aka ƙara, kuma masoya motar sun kasu gida-gida, kowa da hanyar da yake bi ya manta da wannan.

Na gaba-gaba shi ne sarkin lissafi. Kafin ya tambayi iyali ya tambayi injinka. Ka ce 1600 ne yadda ya fito daga kamfani, sai ya dube ka kamar wanda ya zo maka ta'aziyya, ya tsuguna, ya zaro makulli ya fara zane a ƙasa: fistin mai faɗin milimita 85.5 shi ke ba da 1584, na 90.5 ya ba da 1776, na 94 ya kai 1915, in kuma aka sauya karanshaf daga 69 zuwa 82 an isa 2276. Ba a kama shi da kuskure, abin haushin ke nan. Tasa motar kuwa tana kan bulo a gareji, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya, ana jiran kaya daga Kalifoniya. Hujjarsa ita ce babban inji ba ya wahala, don haka ba ya zafi. Akwai ƙamshin gaskiya, domin 1776 da aka haɗa da kyau yana daɗewa. Sai dai 1835 da yake yi wa sababbin shiga talla, silindarsa ta 92 siririn bango gare ta, zafi na lanƙwasa ta, ga fanka tana nan yadda take, ga Kano a watan Afrilu ana haura digiri 40. Mu masu yi masa wa'azi ma, a bincika aljihunmu, za a samu takardar farashin fistin 90.5 a ninke.

Akwai ɗan gargajiya, wanda ko noti ba ya yarda a sauya a 1200 ɗinsa mai ƙarfin doki 34, Keke Napep na wuce shi yana murmushi. Akwai mai salansa, da ya sayi ƙara ya ɗauka gudu ne. Akwai mai kafireto biyu na Weber, kullum yana saiti, ba su taɓa jituwa ba. Cikinsu babu mai ambaton birki.

Duk waɗannan abin dariya ne, kuɗinsu suke ƙonawa. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne bakaniken da ke cire kwanukan da suka rufe injin ya watsar, wai injin ya sha iska. Kwanukan nan su ke kai iskar fanka kan silinda, robar da ta zagaye injin kuma ita ke hana zafin salansa dawowa ciki. A tsofaffin injuna na kafin 1971, silinda ta uku dama ta fi zafi saboda na'urar sanyaya mai ta tare mata iska. Za a ce ai motoci da yawa na yawo haka. Suna yawo a cikin gari. A ɗauki hanyar Zariya da tsakar rana, bawul ya karye, injin ya buga, mai mota ya jawo ta da igiya, shi kuwa bakanike ya goge hannu ya ce, "Alhaji, ai motar ce ta tsufa."