Kafin Ka Sayi Tsohuwar Kombi, Saurari Wanda Ya Riga Ka Faɗawa

Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ban farga ba sai da na biya kuɗi, aka yo janwenta har ƙofar gidana, damina ta sauka. Rariyar tawa mai taya huɗu ce, Volkswagen irin wadda ake kira Kombi, kuma shekara huɗu ke nan ina gyaranta. Tunda har yau ba ta taka kwalta da ƙafarta ba, ina ganin babu wanda ya kai ni cancantar ba da shawara.

Ka fara sanin abin da za ka jawo wa kanka. A 1947 ne wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan, Ben Pon, ya zana wata mota mai kama da akwati a littafin aljihunsa. Kamfanin Volkswagen ya karɓi shawarar, aka fara ƙera ta a Jamus a 1950. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto babu ruwa, kuma na farkon ƙarfin doki 25 ne kacal, wanda hakimi ɗaya kan fita da fiye da haka ranar hawan Daushe. Ta farkon gilashin gabanta biyu ne, rabe a tsakiya. A 1967 aka fito da mai gilashi ɗaya, irin tawa, wadda Jamus ta daina ƙerawa a 1979 amma Brazil ta riƙe har ƙarshen 2013. Wani kamfani kuma mai suna Westfalia tun 1951 ya shiga saka mata gado da tebur da ma'ajiyar kwanuka, daga baya har da rufin da ake ɗagawa sama kamar laima. Manufar ita ce Bature ya kulle gidansa mai ɗaki shida, ya tafi bakin rafi ya kwana a mota, ya dafa shayi a tsugune, ya ce hutu yake yi. Mu nan wanda ya kwana a mota ko direban tirela ne ko wanda dare ya yi wa a tasha, kuma da safe jaje ake yi masa.

A shekarun 1970 samarin Turai sukan ƙetaro Sahara da irin waɗannan motoci, su biyo ta Tamanrasset zuwa Agadas, su gangaro Damagaram, wasu su ƙarasa Kano. Wanda guzurinsa ya ƙare ko injinsa ya buga sai ya sayar ya hau jirgi. Saboda haka idan ka dage da nema za ka samu. Tana can bayan wani gareji a kan bulo huɗu, kaza na kwanci a kujerar direba. Mai ita zai ce maka, "Alhaji, lafiyarta ƙalau, da ƙafarta ta shigo nan, batir ne kawai." Tambaye shi wa ke mulki lokacin da ta shigo ɗin. Kada ka nuna zumuɗi. Abokan takararka 'yan gwangwan ne, su kuwa a sikeli suke ciniki, don haka ɗora kaɗan a kan tayinsu ka yi shiru. Kada bakinka ya suɓuce ka faɗi cewa a Amurka ana sayar da irin mai tagogi 23 fiye da dala 100,000. Kai ma kada ka riƙa tuna wannan magana da dare, domin taka ba ita ba ce.

Ranar duba mota ka bar babbar riga a gida. Tafi da tsohuwar tabarma da tocila da sukudireba da ɗan maganaɗisu. Shimfiɗa tabarmar ka shige ƙarƙashinta, ka riƙa caka sukudireba a dogayen ƙarafan nan biyu da suke ƙashin bayanta, da gindin ƙofofi, da wurin kafa jak, da saman tayoyi. Leƙa mazaunin batir, domin ruwan batir yakan cinye shi tas. Duba ƙasan gilashin gaba da kwatamin da ya kewaye rufi. Inda sukudireba ya yi ƙara, alhamdu lillahi. Inda ya shige kamar a cikin gurasa, yi salati ka ci gaba.

Maganaɗisun kuwa shi ne mai gaskiya ɗaya tilo a wurin. Ba ya kama komai sai ƙarfe, don haka duk inda ka manna shi ya faɗo, fila ce aka cika wurin da ita aka bi da fenti. A tawa ya faɗo sau goma sha ɗaya kafin in daina ƙirga. Da muka farfasa filar daga baya mun tarar da ragar sauro ta waya, da gwangwanin madara da aka buɗe aka miƙar, da tsohuwar jarida, a wani lungu kuma har da siminti. Wanda ya yi wannan aiki Allah ya gafarta masa, mai fasaha ne, hanya ce dai bai samu ba.

Za ka ji mutane na cewa motar Arewa ba ta tsatsa. Gaskiya ne ba ma zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara kamar Turai, kuma ba mu da iskar teku irin ta Legas. To amma tsatsa ba ta neman komai sai ƙarfe da ruwa da iska, kuma mu ta ciki take shigo mana. Rana ta busar da robar tagogi ta tsattsage. Ƙurar hunturu ta cika kowane lungu ta toshe ƙananan hujojin da ruwa ke fita. Damina ta zo ta kwaɓa ƙurar ta zama taɓo, taɓon ya riƙe danshi wata da watanni a inda ido ba ya kaiwa. Ƙara da fitsarin akuyoyin da suka yi shekara ashirin suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Abin da ka gani a waje zakka ce kawai, dukiyar tana ciki.

Sai batun uwargida, wanda ya fi walda haɗari. Tawa ta leƙo ta ga abin da aka sauke, ta kewaye shi sau ɗaya, ta ce, "Malam, akurki ne ko shagon cajin waya?" Kada ka yi musu. Kada kuma ka taɓa faɗin adadi, ko na ciniki ko na gyara. Yi mata alkawarin za ka kai ta Yankari ita da yara, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, a kwana a mota kamar Turawa. Idan ta tambayi yaushe, ce mata kafin Sallah in sha Allahu. Sallah biyu ce a shekara, kuma kowace shekara ana yi.

Yanzu ga mai walda. Kuskuren da na fara yi shi ne kiran mutumin da ya yi mini ƙofar gida. Gwani ne a kan ƙofa da taga, amma jikin Kombi kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, kuma sandar waldar lantarki da ake ɗinke ƙofa da ita tana taɓa shi sai ta huda. Ya zo toshe rami ɗaya, ya tashi ya bar mini huɗu. Nemi fanel bita na gaske, mai waldar gas, ko wanda ke da injin MIG mai turo siririyar waya da kansa. Alamar gwani ita ce ba ya jan walda doguwa. Ɗigo yake yi nan, ya tsallake ya ɗiga can, ya jira ya huce, ya dawo ya cike tsakani. Wanda ya ja wuta a tafi ɗaya zai bar maka ƙarfe a kanannaɗe kamar ganda a kan garwashi, kuma babu gudumar da za ta miƙar da shi.

Doka ta gaba ita ce mai sa hawaye: tsatsa ba ta karɓar walda. Dole a yanke har sai an kai ga farin ƙarfe mai ƙyalli. Za ka zana wuri kamar tafin hannu da alli, a fara yanka, kafin azahar ramin ya isa a wuce da ragon layya. Daure. Amma kafin a yanke gindin ƙofofi, sa a gitta ƙarafa a bakin kowace ƙofa a ɗaure su da walda, in ba haka ba motar za ta saki jiki, ƙofar da ka cire da hannunka ta ƙi komawa gurbinta har abada. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don a sami abin kwaikwayo. A fitar da fasalin kowane faci a jikin kwali tukuna, domin kwali ya fi ƙarfe arha. Ɗauki hoton komai da waya kafin a kwance, ka zuba kusoshi a gwangwanaye ka rubuta sunan wurinsu, sannan ka ɓoye gwangwanayen inda yara ba za su gani ba. Nawa 'yan matan gidana sun yi carafke da su.

Ƙarfen faci har yanzu ana buga sabo a Turai, daidai da kowane sashe na motar, amma da fam da yuro ake saye, ni kuwa da naira ake biyana. Nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka nemi rufin wata matacciyar mota mai kauri ɗaya da taka. Duk wanda ya kawo maka shawarar kwanon rufi, ka gode masa ka sallame shi. Kwano yana da rufin zinki, hayaƙinsa a wuta yana saukar da zazzaɓi da ciwon jiki. Mai walda zai ce ba komai, a saya masa madara ya sha. Saya masa don zumunci, amma madara ba ta maganin hayaƙi.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Tankin man Kombi yana bayan kujerar baya, dab da inji. A cire shi gaba ɗaya a kai shi nesa kafin a kunna wuta, kuma kada wani ya ce ai babu mai a ciki, domin tururin fetur da ke cikin tankin da ba komai shi ne mai fashewa. A cire batir. A fitar da gado da katako da soso da tamfol ɗin rufi. A ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara a kusa. Tsofaffin tiyon fetur kuwa a canza su duka, don su ne suka ƙone Kombi da yawa bayan an gama musu kwalliya. Kai kuma mai sa ido a kan aiki, kada ka ƙura wa hasken walda ido don nuna kai ne mai mota. Na yi, na kwana ina jin kamar an zuba mini rairayi a ido, uwargida na tambayata ko har mun isa Yankarin.

Ka koyi kalandar fanel bita. A cikinta akwai rana ɗaya tak, sunanta gobe. "Oga, an ɗauke wuta." "Oga, gas ya ƙare." "Oga, yaron ne ya tafi biki da makullin akwatin kaya." Kada ka biya kuɗin aiki a dunƙule, gutsura masa kamar ana ba jariri kunu. Je ka zauna a kan benci da ƙosai a leda, domin motar da mai ita ke zaune ita ake taɓawa. Kada kuma ka yi masa faɗa, don rabin motarka na cikin shagonsa kuma shi kaɗai ya san inda ya jefa.

Bayan walda a goge tabon ya kwanta, a shafa fentin share fage mai hana tsatsa a ranar, ciki da waje, don farin ƙarfe ba ya kwana tsirara. A toshe bakin haɗi, a fesa mai ko kakin hana tsatsa a cikin lungunan da hannu ba ya shiga, a bar hujojin fitar ruwa a buɗe. Fila kuwa kamar kwalli take, shafawa ake yi. Da zarar ka ga ya ɗauko ta kamar mai yaɓen ɗaki, riƙe hannunsa. Sai sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kana bi da tafin hannu, don tafi yana jin tudun da ido bai gani ba. Kada a yi feshin fenti da hunturu, ƙura za ta manne ya fito kamar bayan kada. Kada a yi a tsakiyar damina, danshi zai dusar da shi. Idan ka cire waɗannan da ranakun da mai fenti ke zuwa biki, za ka sami kamar mako biyu a shekara. Launi kuwa zaɓinka ne, fari a sama da wani a ƙasa yana cikin na asali. Guji ruwan ɗorawa mai baƙin zane, in ba so kake duk wanda ya taɓa zama a Legas ya tsayar da kai yana tambayar kuɗin Oshodi ba.

Inji ba shi da wuya. Kusoshi kaɗan ke riƙe da shi, kuma duk tsohon bakaniken da ya yi zamanin Volkswagen kunkuru zai sauke shi kafin shayinka ya huce. Ka dai ajiye fambel na biyu, domin idan ya tsinke fanka ta tsaya, inji ya dahu.

Tawa yanzu gefen dama ya kammala, ƙasanta ya daina nuna mini ƙasa, rufin ma yana ɗaguwa idan mutum biyu suka taimaka. Yara suna yin aikin makaranta a teburinta. Baƙi biyu sun kwana a ciki lokacin bikin ƙanwata sun yaba, ni ma na kwana biyu a ciki bayan da uwargida ta tsinci takardar lissafin fenti a aljihuna. Ita kuma ta mayar da ma'ajiyar kwanukan wurin ajiye albasa, har ta fara cewa ba sai an yi gaggawar gama gyaran ba.

'Yan gwangwan da ke leƙowa duk Asabar, ku yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce. Mai karatu kuwa, idan akwai wata Kombi da ke kwance a bayan gidan kakanka, don Allah ka duba mini ko ƙaramar tayar ƙofar gefe, wadda ake ja, tana nan da ranta. Wata takwas ke nan da igiya nake ɗaure tawa.