Ƙugu Ya Cika

A Amurka, masu ɓoye ƙaramar bindiga a ƙugu babban kukansu kube ne: wai in an zauna yana tokare tumbi, in an tashi yana jan wando ƙasa. Da sun leƙo Gaya, garin maƙeran da aka ce su suka fara zama a Dala, da an ba su babbar riga, wadda ko akuya sai ta ɓuya a cikinta. Sai dai dokar makamai ta Najeriya, mai asali tun 1959, ta ce fistol sai da lasisin shugaban ƙasa. Mafaraucin Gaya kuwa, harba-rugarsa ta fi ƙarfin ɓoyo, a kafaɗa yake rataya ta. Ƙugun ma ina wuri? Guru, layu, kuben wuƙa, ga waya mai tocila.