Kwalliya Ba Ta Biya Kuɗin Sabulu Ba

A ƙasar Makarfi da Kudan, babur ba ya daɗewa yadda kamfanin Bajaj na Indiya ya ƙera shi. Boxer na shiga gida, sai wajen mai walda. A ƙara wa kariya tsawo don ɗaukar damin rake, a fasa salansa yadda za a ji tahowar mutum tun daga Hunkuyi, a liƙa fitilu masu launi da ham irin na tirela.

Rigima sai ranar musaya. Mai babur ya je Zariya wurin dillali, yana so ya ba da tsoho, ya yi ciko, ya hau sabo. A ransa duk ƙarfen da ya ƙara kuɗi ne.

Dillali kuwa zagaya babur yake yi kamar likitan dabbobi, yana tsaki.

"Alhaji, dubi kariyar nan, buhun tumatir uku take ɗauka daga Ikara."

"Ai shi ya sa na rage, Malam. Ka gaya mini da bakinka wahalar da injin ya sha."

"Salansar fa?"

"Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ke sayen ƙara? Kowa mai shan mai kaɗan yake nema."

Fitilun ma aka ce sun cinye batir. Abin da kawai Alhaji ya yaba shi ne madubi, don shi kaɗai ne ba a taɓa ba. Ya yi tayi, mai babur ya ce albarka har sau uku, sannan ya tambaya ko za a bar shi ya kwance ham ɗinsa.