Hunturu, Basilla da Ƙwallon da Ba Ta Jin Magana

Ni dai ra'ayina, duk yaron da zai yi wasa a Gummi tsakanin Disamba da Fabrairu ya fara koyon riƙe basilla kafin ya koyi yanka. Hunturu ba ya raga wa kowa. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya ita ce ke busar da ƙwallo har ɗinkinta ya wage baki, ƙaya kuma ta ƙarasa aikin. Ka kai wa mai faci, ya ce sai ya gama da tayoyin 'yan kabu-kabu; ka kai wa baduku, ya ce ka dawo ranar kasuwa. To wasan la'asar fa? Dole a zauna gindin bishiya da zaren buhu, kowa ya zama injiniya.

Na san za a ce ƙwallon da aka ɗinke a gida ba ta komawa daidai. Gaskiya ne. Fitowa take kamar gwanda: ka auna raga ta nufi rumbun maƙwabta, gola ya faɗi dama ita ta bi hagu, ba don gwanintar kowa ba. Amma ai ɓangarorin biyu take yaudara babu son kai, adalcin da ko alƙalin wasa bai cika yi ba. Wasu kuma su ce aikin talauci ne. Su tambayi 'yan dambe, waɗanda bayan kaka da tsumma da zare suke naɗe hannun duka. Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, bai jira safar hannu daga Ingila ba.

Ko a wasannin ƙanƙara haka abin yake. Seun Adigun da katako ta harhaɗa keken zamiya na atisaye a Houston ta Amurka, garin da dusar ƙanƙara baƙuwa ce, kuma ita da abokan wasanta biyu suka kai tutar Nijeriya gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018. Ba su ciyo lamba ba, amma sun je.

Roƙona ɗaya ga injiniyoyin gindin bishiya: ku sace iskar, ku ture robar ciki gefe kafin ku soka basilla. In ba haka ba, mai facin nan da kuka guje wa yana nan yana jiran ku.